Saƙon Farfesa na Bakwai

Litinin

Taubashiyata, Likitar da ba ta allura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Goggonki ta samu sauƙin ƙafar nan, har ta koma faɗan da ta saba, abin da ya tabbatar mana ta warke sarai. Na leƙa Kawu shekaranjiya, yana lafiya, ya ce in tambaye ki ko kin manta kina da uba. Uwargida da yara suna gaishe ki. Auta ta fara tafiya, kuma wurin da ta fara nufa a duniya shi ne gwangwanin ƙusoshina.

Kada ki yi mamakin ganin na koma biro da takarda. Wannan asibitin naku da aka kai bayan duniya, sai in kira ki sau goma kafin in ji rabin "halo". Direban da ke kai muku magunguna ya kawo mini gyaran kujera, ya ce ba komai, zai riƙa kai mana yana kawowa.

To, ajiye kwalaben jinin mutane ki gyara zama. Taubashinki ya kusa zama attajiri.

Wata guda da ya wuce aka yi wani taro a babban ɗakin otal ɗin da na yi wa ƙofofi bara. Wani mutum ne ya zo, Farfesa ake ce masa, gwanin kasuwar zinariya ta duniya. Ki ga kwat, ki ga agogo, ki ji murya! Ya haska mana zane a bango, jan layi da kore suna hawa suna sauka, ya ce shekara ashirin ya yi yana nazarinsu har ya gano sirrin. Sirrin nan ya zuba shi a wata manhajar waya mai suna Mabuɗin Kasuwa. Kai dai ka biya kuɗin shiga, ka zuba jarinka, ita za ta riƙa saye da sayarwa kana kwance kana minshari. Ya ce mu daina wahalar da hannuwanmu, mu bar kuɗi su yi mana aiki. Na dubi nawa hannuwan, duk kanta da tabon zarto, sai na tura su ƙarƙashin cinya.

Na san abin da za ki ce, shi ya sa ban yi gaggawa ba. Mun rubuta lambobin wayarmu a bakin ƙofa, ya ce duk Litinin da ƙarfe goma zai aiko mana da saƙo kyauta, mu gwada shi da kanmu. Satin farko ya ce farashin zinariya zai hau. Ya hau. Na biyu ya ce zai sauka. Ya sauka. Na uku ma bai kuskure ba. Ni da kaina na duba a labaran kasuwa, ba wani ya gaya mini ba.

Kin san kuɗin da nake tarawa shekara huɗu don injin yanka katako da goge shi, wanda zai raba ni da ciwon kafaɗa. Saura kaɗan su cika. Tunanina in zuba su a Mabuɗin wata uku, in fito da kuɗin inji biyu, ko ma in rataye gudumar gaba ɗaya. Uwargida ta ce ba ruwanta, amma irin "ba ruwana" ɗin nan da ake faɗa ana buga murfin tukunya. Daga baya ta ce in tambaye ki, ke kika yi boko mai zurfi.

Ki ba ni amsa ta hannun direba. In kin yi mini ladabi zan ɗauke ki aiki, ki riƙa riƙe mini jaka.

Naki,
Kafinta, attajirin gobe

* * *

Asabar

Taubashina, Sarkin Guduma,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso da garin katako a cikin ambulan, don kada in yi shakkar wanda ya aiko. Ina lafiya lau, sai aiki. Zazzaɓi ya yi yawa bana, tun safe har yamma idona na kan madubin gwaji. Ka gaishe mini da Goggo, ka ce wa Baba ban manta ba, ina nan tafe in an ba ni hutu. Gwangwanin ƙusar nan kuma ka ɗaga shi sama, don Allah.

Na karanta labarin Farfesanka sau biyu. Na farko ina dariya, na biyu ban yi ba.

Bari in tambaye ka. Da a ce kai ne ka gano wata bishiya a bayan shagonka wadda kullum take zubo da katako yankakke gogagge, za ka kama ɗakin otal ka tara kafintocin gari ka nuna musu ita? Mutumin da kuɗi ke yi wa aiki yana barci, me ya hana shi barcin? Me zai yi da kuɗin shigar kafinta?

A ɗakin gwajinmu in aka kawo sabuwar na'ura, ba ma yarda da ita don ta faɗi daidai sau uku. Hau ko sauka, abu biyu ne kawai. Ko Auta ka ba ƙwandala ta riƙa jefawa, wata rana za ta ci uku a jere, kuma ba za ka kira ta Farfesa ba. Sannan a taron nan, mutum nawa ya kawo muku da suka ce sun yi asara? Ba sai ka ba ni amsa ba. Waɗannan suna gida, ba sa hawa mumbari.

Ban ce babu masu samu a kasuwar zinariya ba. Akwai, kamar yadda akwai masu karyewa, kuma da yawa mutum ɗaya ne a shekara biyu daban. Amma duk wanda ya ce maka ya san gobe har ya sa mata farashi, ka dafe aljihunka.

Hannuwan nan da ka ɓoye ƙarƙashin cinya, su suka yi gadon da Baba yake kwana a kai shekara goma sha biyu, ko ƙara bai taɓa yi ba. Ka fito da su.

Ka cika kuɗinka ka sayi injinka. In kuwa Farfesan nan ya ƙara cin uku a jere, ai shi ke nan, ni ma sai in sayar da ɗan kunnena in biyo ka, mu saya wa Goggo jirgin sama ta riƙa zuwa cefane.

Ka gaishe da Uwargida, ka ce mata ta ci gaba da buga murfin.

Taka,
Taubashiyarka mai gwajin jini

* * *

Laraba

Taubashiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. Sauri nake yi, direba na tsaye a kaina yana kaɗa makulli.

Ki fara neman mai sayen ɗan kunne. Saƙo na huɗu ya ce hau, ya hau. Na biyar ya ce zai ƙara hawa, ni kaina na ce wannan karon Farfesa ya faɗi ƙasa, sai ga shi ya hau. Na shida ya ce sauka, ya sauka kamar an turo shi. Shida a jere, Likita! Ki ba Auta ƙwandala ta yi mini shida in gani.

Na karanta wa Uwargida ƙarshen takardarki, inda kika ce in ya ƙara cin uku ke ma kina ciki. Ta ce, "Anya haka take nufi?" Na ce ga shi da rubutun hannunta. Tunda mai ilimin gidanmu ta sa sharaɗi kuma sharaɗi ya cika, ai magana ta ƙare. Sai ta ce, "Tunda ita ta faɗa, Allah ya sa alheri."

Jiya sakatariyar Farfesa ta kira ni. Ta ce an zaɓe ni cikin mutum kaɗan, kuma Litinin mai zuwa za a rufe karɓar sababbi. Na ciro kuɗin daga banki, suna ƙasan akwatin kayan aikina. Litinin da safe zan kai. Zan tambaya ko za su ajiye miki gurbi.

Jirgin Goggo, wane launi kike so?

Naki,
Kafinta

* * *

Alhamis

Ɗan Goggo,

Ina fatan kuna lafiya. Ni kam tun da na buɗe takardarka hankalina bai dawo jikina ba.

Wasa nake yi! Wasa! Tun muna yara muke tsokanar juna, yau ne ka kasa gane wasana? Wanda ya ce zai saya wa Goggo jirgin sama don cefane, da gaske yake? Ka tsallake layi talatin da na ce kada ka yi, ka tsinci guda ɗaya ka kai wa baiwar Allah a matsayin izinina.

Direba ya biya ta wasu asibitocin, sai jiya ya iso, wato Litinin ɗin taka ta wuce da kwana biyu. Na bar aiki na hau matattakalar tankin ruwa, nan ne kawai ake samun sabis, da farar rigata, masu jinya suna leƙo ni ta taga. Na kira ka sau goma sha ɗaya, a kashe. Ta Uwargida ma ba ta shiga.

In ka riga ka kai, ka koma yau ɗin nan ka ce a ba ka kuɗinka, ko rabi aka miƙo ka karɓa. Kada ka ƙara ko sisi, ko da sun ce sai ka ƙara za a saki na farkon, don haka za su ce. In ba ka kai ba, ka miƙa wa Uwargida makullin akwatin.

Shida a jere, na yarda ban san yadda ya yi ba. Na juya abin a raina har na gaji. Amma don ban gane dabarar mai rufa-ido ba, ba zan miƙa masa jakata ba.

In guminka na shekara huɗu ya tafi saboda bakina, ban san da wane ido zan kalli matarka ba. Ka ba ni amsa ko layi ɗaya ne.

Taubashiyarka

* * *

Lahadi

Zuwa ga Uwargida,

Assalamu alaikum, matarmu. Ina gaisuwa, ina gaida yara. Sati biyu ke nan ban ji komai daga gare ku ba. Yau na samu labarin direbanmu ya tafi hutu da takardata a aljihu, don haka na zana wa wanda ya maye gurbinsa hanyar shagon a bayan wannan ambulan.

Abin da mijinki ya karanta miki, wasa ne nake yi masa. Ban taɓa yarda ya kai kuɗin nan ba. Ki yafe mini. In abin ya riga ya faru, kada ki bar shi shi kaɗai da tunani, kuma kada ku ɓoye mini. Kuɗi ana sake tara su. Ki sa a rubuto mini, ko ki aiko da baki ta wurin direba.

Ƙanwarki

* * *

Talata

Taubashiyata, mai hawa tanki,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ƙalau, dukanmu, har da akwatin. Na fara da wannan don ki sauko daga matattakala ki karanta sauran a zaune.

Takardunki biyu rana ɗaya suka iso, tsohon direba ya dawo hutu da tasa, sabon ya biyo zanenki ya ɓata sau biyu. Uwargida ta karanta tata ta share hawaye, sannan ta karanta tawa ta buge ni da ita a ka. Wayata ni na kashe ta, za ki ji dalili. Tata kuwa Auta ce ta jefa a ruwan wanki.

Ga yadda aka yi. Litinin ɗin nan na yi wanka na sa rigar fita unguwa, na ɗauki akwatin kayan aiki gaba ɗaya, don ba wanda zai yi tunanin ƙwace akwatin kafinta. Ofishin Farfesa yana saman wani shagon tayoyi. Da shiga sai sanyi, ga manyan talabijin uku a bango da layukan nan ja da kore, ga furen roba, ga hoton Farfesa ya jingina da wata doguwar mota. Sakatariya ta ce in zauna a benci.

Ban daɗe ba sai ga shi ya leƙo. Ya ga akwatin ya ce, "Kafinta ne? Allah ne ya kawo ka. Zo ka duba mini durowa, ta maƙale."

Na shiga. Teburin nan daga nesa sai ki rantse katako ne mai tsada. Ina dafa shi na ji abin da yake: garin katako ne aka matse aka liƙa masa takarda mai sheƙi, gefen ma ya ɓare an manne shi da salatif. Na gyara durowar cikin minti goma, da noti biyu. Ya ce nawa. Na faɗi abin da ko ɗalibi ba zai yi gardama a kai ba. Sai ya ce, "Haba malam, don noti biyu?" Likita, mutumin da kuɗi ke yi wa aiki yana barci ya tsaya yana ciniki da ni har ya rage rabi. Wani abu ya ɗan sosa mini rai, amma na ce wa kaina ai masu kuɗi haka suke. Na koma benci jiran a kira ni biya.

A bencin na tarar da wani mutum mai ƙiba, gari har a girarsa, yana ƙamshin burodi, ya rungume wani buhun fulawa da aka naɗe. Mai gidan burodi ne, kuɗin sabuwar tanda ya kawo. Muka gaisa. Shi ma shida a jere. Muka nuna wa juna saƙonni, iri ɗaya sak. Nan da nan muka zama aminai, har mun fara shawarar wanda zai fara sayen mota.

Ƙarfe goma daidai wayoyinmu suka yi ƙara tare. Saƙo na bakwai. Ya ciro tasa ya karanta da ƙarfi, yana murmushi: "Wannan satin farashi zai sauka."

Na ce, "Zai hau dai."

Ya ce, "Sauka."

Na ce, "Malam, ka goge garin idonka. Hau aka rubuta."

Muka haɗa wayoyin gefe da gefe. Lamba ɗaya ta aiko, minti ɗaya, kalmomi ɗaya, sai kalma guda ce ta bambanta. Tawa hau, tasa sauka.

Muka kalli juna. Ni kaina ya ɗaure, amma mai burodi ya fi ni saurin lissafi. Ya ce, "Mutum nawa ne a taron otal ɗin nan?" Na ce sun kai ɗari biyar. Ya ce, "To raba su biyu kamar ƙullin fulawa. Rabi ka ce musu hau, rabi ka ce sauka. Dole rabi su ga ka faɗi daidai. Waɗancan ka watsar, waɗannan ka sake raba su biyu. Haka haka har sati shida. Su wa suka rage?" Na ce, "Mutum kaɗan." Ya ce, "Mu ke nan zaɓaɓɓu."

Nan na tuna telan da ke kusa da shagona. Tare muka je taron, ya ce shi tun sati na biyu Farfesa ya kuskure kuma saƙo ya daina zuwa, ni kuwa na ce masa bai iya karatu ba ne.

Muka shiga wurin Farfesa tare, muka ajiye wayoyin a kan teburin. Wallahi ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce, "Ai manhajar tana duba yanayin kowane mutum ne. Kai naka hau, shi nasa sauka."

Mai burodi ya ce, "Au, zinariyata daban take da tasa?"

Ƙofa a buɗe take. Wata malamar makaranta da ke benci ta ji komai, ta miƙe ta rataya jakarta ta ce wa sakatariya ta fasa. Nan Farfesa ya fusata, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Irinku ba sa ci gaba. Da guduma a hannu za ka mutu."

Na ce, "Amin, in dai tawa ce."

Sannan na buɗe akwati na ciro sukundireba, na kwance notina biyu na sa a aljihu, na ajiye masa kuɗin gyaransa. Muna kan matattakala muka ji durowar ta faɗo. Mai burodi ya yi ta dariya har ya zauna a kan taya, ni kuwa na ƙanƙame akwatina, don sai a lokacin na gane abin da na kusa yi.

Daga ranar sakatariya ta riƙa kira sau goma a wuni, yau an rage mini kuɗin shiga, gobe an ƙara mini kwana. Shi ya sa na kashe wayar. Mai burodi da malamar sun kai ƙara wurin hukuma, ni ma na je na nuna saƙonnina. Kafin a zo an cire allon sunan ofishin, an kwashe talabijin. Ba kowa ne ya tsira ba. Akwai wani dattijo da ya kai kuɗin sallamarsa na aiki tun kafin mu, na gan shi sau biyu zaune a bakin shagon tayoyin yana kallon sama. Na biyun na zauna kusa da shi, daga baya na raka shi gida.

Mai burodi ya ba ni aikin kantoci da tebura na gidan burodinsa, shi na duƙufa a kai duk kwanakin nan. Da shi kuɗin inji suka cika. Na biya, ana kawo shi ƙarshen wata.

Saura magana ɗaya. Ba wayona ne ya cece ni ba. Da mai burodin nan ya zo ƙarfe goma sha ɗaya, da na biya. Kuma ki daina neman gafara. Na san wasa kike yi, tun karantawar farko na sani. Izini nake nema, da ban samu ba sai na ƙera shi da kaina, kin san sana'ata ce. Na gaya wa Uwargida haka. Kwana uku tana zuba mini abinci ba nama.

Naki,
Kafinta, kafinta kawai

* * *

Jumma'a

Taubashina,

Wa alaikumus salam. Alhamdulillahi, alhamdulillahi. Ina lafiya, yau har na ci abinci da daɗi. Na karanta takardarka a ɗakin gwaji, da na zo wurin durowa na yi dariyar da ta sa abokiyar aikina ta ɓarar da ruwan wanke kwalabe. Ka gaishe mini da mai burodi, ka ce masa in yana son aiki a ɗakinmu akwai gurbi. Dattijon nan kuma ka riƙa leƙa shi. Kada ka yi masa nasiha, ka dai zauna.

Tunda ka faɗi taka gaskiyar, bari in faɗi tawa. Ba boko ne ya sa na gane Farfesanka ba.

Shekara tara da suka wuce, farkon kama aikina, wata mata ta zo asibitin da na fara aiki da kwamfuta a jaka. Ita canjin kuɗin ƙasashen waje ne nata, amma zancen iri ɗaya ne, har da jan layi da kore. Abin da na tara shekara guda don in sayi gado da kujeru in gyara ɗakina, shi na ba ta. Wata huɗu ina buɗe waya ina ganin lamba tana girma, har na fara raina albashina. Ranar da na ce zan ciri kaɗan sai aka ce in ƙara kuɗin haraji tukuna. Na ƙara. Bayan sati shafin ya rufe.

Ka tuna lokacin da kuka zo da Goggo kuka tarar ina kwana a ƙasa, na ce likita ne ya hana ni gado saboda ciwon baya? Bayana lafiyarsa lau. Gadon ne babu. Daga nan ban sake iya sayen gado ba, ba don rashin kuɗi ba, sai dai duk na shiga shagon sai in ji haushin kaina in fito. Har yau a kan wani tsohon gadon ƙarfe na asibiti nake, mai ƙara in an juya.

Ba wanda ya sani, sai kai yau. Kada ka gaya wa Baba. Uwargida kam na san ba ka iya ɓoye mata komai.

Taka,
Likitar da aka taɓa yi wa allura

* * *

Litinin

'Yar Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Inji ya iso ranar Asabar, mutum shida suka sauke shi. Da na kunna, tela ya fito da gudu ya ɗauka gini ne ke rushewa. Falankin da nake wuni ina gogewa yanzu kafin in gama gyara tsayuwa ya fito sumul. Goggonki ta zo ta zagaya shi sau biyu ta ce ƙararsa ta yi yawa, amma ta ƙi tafiya har la'asar.

Yanzu ke. Ashe ciwon bayan nan ƙarya ne! Ni da na yi kwana biyu ina goge miki falankin kwanciya na masu ciwon baya, na ɗauko shi a ka har tasha, Goggo na bina tana yi miki addu'ar samun sauƙi? Shekara tara duk na ga mai dafe ƙugu sai in ce ai 'yar uwata ma haka take fama. Na karanta wa Uwargida, muka yi dariya har muka gaji, sannan ta ce, "Allah sarki, ita kaɗai a garin mutane." Daga nan dariyar ta tsaya. Da kin faɗa, da mun tsokane ki wata guda, amma da ba ki kwana a ƙasa ba.

Kawu ba zai ji daga bakina ba. Ni kuma tsokanar da na tanada miki ta kai ta shekara, sai kin zo.

Na ware katako mai kyau, busasshe, wanda na ɓoye tun bara ina jiran aikin da ya cancanta. Gadonki ne babban aikin farko da injin zai yi. Direba ya ce motarsa za ta ɗauka in an kwance shi gida huɗu, zan biyo shi in haɗa miki da hannuna. Ki aiko mini da awon ɗakin, tsawo da faɗi, da faɗin ƙofa. Da tef za ki auna, ba da taku ba. Kuma kada ki tambaye ni nawa ne.

Naki,
Taubashinki